Tambayarku, Amsarmu: Jirgin ƙasa na tahe Maradi, wa zai riƙe gyaransa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da war haka. Wasiƙun wanga karo kusan duka kan jirgi suka zo, dama kwanakin nan duk fadar da ka zauna shan shayi sai zancen layin dogo ya shigo. Na zaɓi huɗu, ta farko ita ta ci mani wuri don abin da ta taɓo ya daɗe yana damuna.

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lahiya, ya iyali ya zafi. Ni shekarata 20, na samu bak bara a lise teknik ɓangaren kuran, yanzu dai ba wani abin yi sai in bi wani maigidana muna sa waya a gidaje. Ɗan gwaggona da ke Ingila ya ce mani can kamfanin jirgin ƙasa na ɗaukar yaro aparanti, yana koyo ana biyanshi albashi har ya hito babban teknisiyan, wai ba sai ya yi jami'a ba. Kawu gaskiya ne? mine ne ma aikin babban teknisiyan ɗin, kuma ni da ke nan Maradi ta ina zan kama?
Ɗanka, daga unguwar Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ɗan gwaggonka bai yi maka ƙarya ba. Kamfanin Network Rail da ke riƙe da layukan dogo da sigina na Birtaniya yana ɗaukar matasa aparanti, horon yakan kai shekara 3, kuma tun ranar farko kai ma'aikaci ne mai kwantiragi da albashi, yawancin mako kana kan layi da manya, sauran lokacin kana aji ana koya maka lissafin abin da hannunka ya taɓa. Mataki-mataki ne abin, na 3 teknisiyan, na 4 shi ne wanda ɗan'uwanka ke nufi, mu nan abin da ya fi kusa da shi shi ne mai BTS ko DUT, wato diplom ɗin teknisiyan da ake yi bayan bak. Faransa ma haka kamfanin jirginsu SNCF ke yi, yaro na BTS shekara 2 bayan bak yana kai da kawo tsakanin lakol da shantiye, dokarsu ta buɗe ƙofar daga shekara 16 zuwa 29. Jamus kuwa kamfanin jirginsu Deutsche Bahn na riƙe yaro shekara 3 zuwa 3 da rabi. Amma ka ji wannan da kyau, na Ingilar sai wanda ke da izinin zama da aiki a ƙasar, ba abu ne da za ka cika takarda daga Maradi a aiko maka da tikiti ba, duk wanda ya ce zai yi maka hanya ka ba shi kuɗi aljihunka yake so.

Aikin kansa rassa ne. Akwai masu kula da shi layin, ƙarfe da gungumen simintin da ke ƙarƙashinsa da tsakuwa, akwai masu kan jirgi da taragai, akwai masu wutar sama a ƙasashen da jirgi ke jan kuran, wadda galibi bolt 25,000 ce, sai kuma masu sigina da sadarwa, wato fitilun ba da hannu da wuraren sauya layi, kai da ka yi kuran nan ne gidanka. Bari in ba ka misali guda ka ga ba ka yi nisa da abin ba. Tun 1872 aka ƙirƙiro dabarar sa ƴar ƙaramar wuta ta bi ƙarfen dogo ta riƙe wani rele, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, a can ƙarshe, muddin relen na samun wuta fitila na nuna hanya buɗe, da jirgi ya hau wurin sai ƙafafunsa su haɗe ƙarfen dama da na hagu, wuta ta yanke ma relen, fitila ta koma ja. To ka lura, ko waya ce ta tsinke ko batir ya mutu ko ƙarfen ya karye, duk dai ja za ta nuna. An tsara abin yadda in ya lalace jirgi tsayawa zai yi. Birkin jirgi ma haka, iska ce ke cike cikin bututu tun daga kai har tarago na ƙarshe, in bututun ya yanke iska ta zube birki ya kama da kansa. Wannan tunanin shi ake ɗaukar shekaru ana dasa ma aparanti a kai.

Shi ƙaramin teknisiyan ana ce mashi je ka canja kaza, ya je ya canja. Babban shi ne wanda in fitila ta dinga komawa ja ba dalili tsakar dare za a tada shi, ya ɗauko zanen wayoyi ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mita har ya gano inda cutar take, ya raba ma yaransa aiki, ya tabbata an tsaida jirage kafin kowa ya taka layi, in an gama ya sake gwada aikin da wani ya yi, sannan ya sa hannu a takarda cewa jirgi na iya wucewa. Sa hannun nan shi ne dukan nauyin. Ranar 12 ga Disamba 1988 jirage uku suka yi karo kusa da tashar Clapham a Landan mutum 35 suka rasu, da aka bincika sai aka iske tsohuwar waya ce guda da aka cire daga gefe ɗaya aka bar ta ba a yanke ba, ba a naɗe bakinta ba, ta koma ta taɓa inda aka cire ta, fitila ta nuna hanya buɗe alhali akwai jirgi tsaye gaba. Mutumin da ya yi aikin mako 13 ya jera yana aiki kusan ba hutu, kuma ba wanda ya zo bayansa ya ƙirga wayoyin kamar yadda ƙa'ida ta ce. Kai da ke sa waya a gidaje ka san sau nawa ake barin irin wannan cikin akwati a rufe a tahi.

Abin da ya sa tsarin nasu ke burge ni ba albashin ba ne, haɗa hannu da takarda da suka yi wuri ɗaya ne. Mu nan mun raba su. Ni ina ɗan shekara 14 aka kai ni garaji, na yi shekara uku ina wankin kayan inji cikin esans ina miƙa kile, in na tambayi maigida don me ake ɗaure notin kulas bi da bi sai ya ce ido ke koyo ba baki ba, noti kuwa a ɗaure shi har sai ya yi kuka. Allah ya jiƙansa, hannu ne da shi ƙwarai, da kunne yake gane ciwon mota, amma bai taɓa rubuta komi ba, ranar da ya rasu rabin abin da ya sani ya bi shi. Da na koma lakol daga baya sai na iske ɗayan ɓangaren, yara masu lissafi kamar ruwa waɗanda ba su taɓa kwance ko famfo ba, can na fara ganin kile mai awo wanda ke ɗaure noti daidai ƙarfin da littafi ya ce. Jirgin ƙasa ba ya karɓar rabi, mai hannu ba takarda ba za a bar shi ya sa hannu ba, mai takarda ba hannu yaransa za su rufe shi da ƙarya bai gane ba.

Yanzu kai. Layin nan kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilarsa a Janairun 2021, kuɗin ya kusa dala biliyan 2, aka ƙaddamar da aikin a Fabrairun shekarar zamanin shugaba Buhari, kilomita wajen 284 daga Kano ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya ya shigo mana, da wani reshe zuwa Dutse. Masu gini in sun gama kwashe kayansu za su yi, gyara kuwa na kullum ne muddin jirgi na tahiya, kuma wannan aikin nake jin tsoron ya wuce yaranmu mu tashi da gadi da dako kawai. Mun riga mun ga abin da ya faru yamma, an shimfiɗa layin Yamai zuwa Doso fiye da kilomita 140 aka yi bikin buɗewa a 2016, jirgin haya bai yi aiki a kai ba, ballantana a ce ga yaran da suka koyi sana'a a wurin.

Don haka kar ka zauna jiran wani ya buɗe makarantar jirgi a ƙofar gidanku. Ka kai dosiyenka IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'ar Dan Dicko Dankulodo, nan cikin gari, ana karatun lantarki da makanikanci da gini, in da hali akwai makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai. Kar kuma ka saki maigidanka, ka yi aji da safe ka bi shi da marece da ranakun hutu, ka ga ka haɗa ma kanka irin tsarin da ɗan gwaggonka ke faɗi ke nan. Lokacin istaj ka nemi inda akwai manyan gurup da akwatunan rele, masana'anta ko wurin rarraba wuta, don kan jirgi mai gazuwal shi ma gurup ne babba bisa ƙafafu, inji na juya janareta, wutar na juya injinan lantarkin da ke jikin ƙafafun. Ka sayi karne ka dinga rubuta duk aikin da ka yi, kwanan wata, me ya lalace, me ka auna, nawa ka samu, maigida ya sa hannu ƙasa, aparantin Turai ma da irin wannan tarin shaidar ake yi mashi jarabawar ƙarshe. Sai turanci, ka kama shi da gaske tun yanzu, don layin daga Najeriya ya taso kuma makarantun da suka fi kusa da mu can suke, jami'ar sufuri ta Daura da kamfanin CCECC na Sin ya gina, da cibiyar koyon fasahar sufuri ta NITT a Zariya da ke nan tun 1986. Kafin ka kashe kuɗi ka je likita a gwada maka ido, wanda ba ya rarrabe ja da kore ba a ɗaukarsa wannan aikin ko ya fi kowa ƙwaƙwalwa, ana gwada ji ma, kamfanonin da ka ji suna kuma suna gwada ma'aikatansu kan ƙwaya da giya, ka faɗa ma abokanka na fada masu wasa da tramol.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni sudur ne shekara ashirin da ɗoriya, ba ƙofa ko tanki ko bodin kamiyo da ban yi ba, yarana tara a shago. Na ji an ce layin jirgi dut walda ne daga Kano har nan. Shin irinmu da ba mu yi lakol ba muna da rabo ciki ko ko sai masu diplom? ƙarhe dai ƙarhe ne ai.
Mai walda, Sabon Gari

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari, mai ciyar da yara tara da sana'a ba ƙaramin mutum ba ne. Kuna da rabo, amma bari in ɗan ja da kai kan ƙarhe dai ƙarhe ne. Ƙarfen ƙofa taushi gare shi, gawayin da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa yake karɓar baget ba gardama. Na dogo gawayinsa ya ninka wannan sau uku ko fiye don ya jure nauyi, mita guda na irin mai nauyin yakan kai kilo 60, in ka sa mashi wuta irin ta shago ya huce da sauri wurin zai yi tauri ya koma kamar kwalba, ido ba zai ga komi ba sai ranar da jirgi ya taka ya ɓalle. Kan layi yadda ake yi, a bar tazara kamar milimita 25 tsakanin bakin ƙarfe biyu, a daidaita su da ma'auni, a rufe da mazubi, a gasa bakunan, sannan a kunna garin alminiyom da aka gauraya da garin tsatsar ƙarfe cikin wata tukunya a sama, zafin na kaiwa wajen digiri 2,500, narkakken ƙarfe ya zubo ya cika gurbin, a jira mintocin da takarda ta ce da agogo a hannu, a yanke abin da ya yi saura a goge. Bayan nan wani ya zo da na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfe ya duba ko akwai tsaga ɓoye. Ina saurayi na taɓa tsayawa tashar jirgi ta Kano na ga wani dattijo da guduma mai dogon ƙota yana bin ƙafafun taragai yana ƙwanƙwasawa yana karkata kunne, mai lahiya ƙara take kamar ƙararrawa, mai tsaga sai ta yi dum. Na'urar nan jikar gudumar dattijon ce, kuma mai kunne irin naka zai riga ɗan lakol gane ta.

Ga kuma abin da ya shafi garinmu kai tsaye, zafi. Ka san yadda ƙofar ƙarfe ke cijewa da rana a watan Afrilu. Kilomita guda na ƙarfen dogo yana ƙara tsawon milimita 11 da rabi duk digiri ɗaya, kuma ƙarfen da ke kwance cikin rana yakan fi iska zafi da kusan digiri 20. Ɗauki asubar hunturu ƙarfe na digiri 15, ɗauki azahar ɗin bazara ya kai 60, bambancin 45 ke nan, kilomita guda na son miƙewa fiye da rabin mita. Tsohon layi ana barin ƴar tazara tsakanin ƙarafa, ita ce ƙarar kacau-kacau da tsofaffi suka sani. Wanda aka haɗe da walda ba shi da wurin miƙewa, gungumen siminti da tsakuwa ke danne shi, in aka ɗaure shi a zafin da bai dace ba ko tsakuwar ta zaizaye sai ya lanƙwashe gefe kamar maciji da tsakar rana, ko ya tsinke da sanyin asuba. Shi ya sa mai waldar dogo ba ya rabuwa da ma'aunin zafi. Ƙara da yashin da iska ke turowa ya cika tsakuwa, da ruwan damina, kai ka san yadda Gulbi ke cin gaɓa in ya kawo, duk wannan ido da ƙafa yake so kullum.

Shawarata, kai ka nemi takardar shaidar sana'arka, ka leƙa ofishin FAFPA, asusun da gwamnati ta kafa don horon sana'a da aparanti, ka ji horon da suke da shi na masu walda. Cikin yaran tara kuma ka duba biyu da suka iya karatu ka sake su su je cibiyar koyon sana'a su koyi karanta zane da awo da milimita. Kar ka ga kamar asarar hannu ce a shago. Ka dinga gaya masu dalilin abu, ba yi kaza kawai ba, wannan roƙo ne nake maka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗiyata ce ke aji na ƙarshe, ta nace ita kuran za ta karanta wai tana son aikin jirgi. Babanta ya ce aikin maza ne ta yi ungozoma ko malanta. Ni dai na rasa ta cewa, yarinyar tana da ƙoƙari, ita ke gyara mana panka da fitilar sola.
Mahaifiya, Bagalam

AMSA: Hajiya lahiya lau, Allah ya raya mana ita. Ba zan ɓoye maki ba, damuwar babanta tana da tushe, gyaran layi da yawa da dare ake yinsa lokacin da jirage suka ɗauke, wani lokaci cikin daji nesa da gari, uba dole ya yi tunanin wannan. Amma ba duka aikin ke nan ba. Akwai ɗakin sarrafa sigina, akwai wurin gwada na'urori da gyaransu bisa tebur, akwai sadarwa da zanen wayoyi a kwamfuta, waɗannan natsuwa suke so da kai mai riƙe lissafi, ba ƙwanji ba, kuma kamfanonin jirgi na Turai da kansu suke neman ƴan mata su shigo. Yarinyar da ke kwance panka ta maida ta ta yi aiki Allah ya riga ya ba ta abin. Karatun kuran kuma bai ɗaure ta ga jirgi kaɗai ba, ga sola ta cika gari, ga injinan asibiti da ke lalacewa a rasa mai taɓawa. Ki samu lokacin da hankalin Alhaji ke kwance, ku je tare da ita IUT ya ga ajin da idonsa, ya yi magana da malaman, in akwai ɗalibai mata ya tambaye su da kansa. Maza da yawa abin da ba su gani ba suke ƙi.

TAMBAYA: Yaya don Allah, wani ya ce yana da hanya wurin masu aikin layin, in kawo jika 150 da takarduna na asali ya sa sunana cikin waɗanda za a horar. Har na sa babur ɗina kasuwa.
Ƙanenka, daga Dan Isa

AMSA: Ƙanena janye babur ɗinka daga kasuwa yau ɗin nan. Aparanti na gaskiya shi ake biya, ko aƙalla a koya mashi, ba shi ke sayen gurbi wurin wani a bakin hanya ba. Ka tambaye shi sunan ofishin da takardar sanarwar mai hatimi, ka ce za ku je tare, za ka ga yadda zancen zai sauya. In kana neman aiki ka je ANPE, ofishin masu neman aiki, a Maradi ka yi rajista su ba ka kati, ka dinga sauraren sanarwa a rediyo. Takardunka na asali kuma kar su bar hannunka, ka yi fotokopi a buga masu hatimi, ka kai dosiye da ƙafarka ka karɓi rasit. In mutumin ya riga ya karɓi wani abu wurin abokanka ku haɗu ku kai maganar jandarmeri tun bai canja lambar waya ba.

Sauran wasiƙun, har da ta ɗalibin da ya tambayi dalilin da sabon layi ke da faɗin milimita 1,435 alhali tsohon na Kano 1,067 ne na Kwatano zuwa Paraku kuma 1,000, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.